Tabarmar Ƙarƙashin Totur

Sufeto bai ko kurɓi shayinsa ba hayaniya ta cika harabar ofis. Ya leƙa ta taga, sai ya ga motoci iri ɗaya sak sun yi layi a bakin ƙofa, masu su kuma sun taso wani magidanci a gaba. Rigar aikin kamfanin mota ce a jikinsa, leɓensa a fashe, takalminsa ƙafa ɗaya.

Sufeto mutum ne da ba ya son ihu. Ya daɗe a sashen binciken kisa, kuma ya ga mai gaskiya da maƙaryaci duk sun iya ɗaga murya. Ya ajiye kofin, ya fito bakin kantar ofis.

"Ɗaya bayan ɗaya," in ji shi. "Wa ya mutu, wa ake zargi?"

Wani dattijo dogo mai furfura a gemu ya matso. Idanunsa sun kaɗa sun yi jawur. Sauran suna kiransa Ciyaman, don shi ne shugaban ƙungiyar masu irin wannan mota.

"Ƙanina ne ya mutu, Yallaɓai. Autanmu, malamin makaranta. Jiya da hantsi motarsa ta kwasa da gudu ita kaɗai a babban titi, birki ya ƙi ci, ta je ta daki ginshiƙin gada. Ko shurawa bai yi ba. Ga wanda ya gyara motar nan tsaye."

Labarin motocin nan ba baƙo ba ne a kunnen kowa. Kamfanin da ke sayar da su ya yi ta sanarwa a rediyo cewa kowa ya dawo da tasa a gyara masa kyauta. Wai totur ɗin ya yi tsawo, idan aka shimfiɗa tabarmar roba mai kauri a ƙarƙashin ƙafar direba, bakinsa yakan maƙale a gefenta, mota ta yi ta zuba gudu ko an ɗaga ƙafa. Gyaran shi ne a rage tsawon totur, a ɗaura ƙugiyar da za ta riƙe tabarma.

"Ni da kaina na kai motar," in ji Ciyaman. "Layi ya yi tsawo, wannan ya ce in ba shi ta bayan fage, zai yi mini a lokacin hutun rana. Shi ya sa yanzu kamfani ke cewa ba su san da zuwanta ba. An yi gyaransu na ƙarya, kuma ga shi ta kashe mini ɗan'uwa."

Makaniken ya buɗe baki zai yi magana, ihu ya danne shi. Sufeto ya sa aka shige da shi bayan kanta, ko don ya tsira da sauran haƙoransa.

Kafin ya koma kujerarsa, babban jami'in ofis ya aiko kiransa. 'Yan jarida sun dame shi da waya, kuma shi mutum ne da ba ya son ganin sunansa a jarida sai dai wajen yabo.

"Ga gawa, ga mai ƙara, ga wanda ake ƙara," in ji shi. "Me ya rage? A kai shi kotu kafin mako ya ƙare, sakaci ne da ya jawo asarar rai."

"To, Yallaɓai," in ji Sufeto. Shi "to" ɗin Sufeto ba ya nufin komai sai cewa ya ji.

A ɗakin tambayoyi makaniken ya zauna a gefen kujera yana matsa yatsunsa. Saje, wani mai ƙaton tumbi da ba ya rabo da barkwanci, ya miƙa masa ruwa.

"Ka taɓa yin aiki ta bayan fage?" Sufeto ya tambaya.

"Wallahi ban taɓa ba, Yallaɓai."

"Saje, kira mini manajansu."

Makaniken ya sunkuyar da kai. "Na taɓa. Juyen baƙin mai, gyaran fitila, irin waɗannan. Kowa yana yi. Amma motar nan, ko a mafarki ban taɓa ta ba."

"Ka fara da ƙarya, yanzu kana so in yarda da kai. Ina ka san dattijon nan?"

"Yakan zo ƙofar garejinmu da lasifika ya yi ta zaginmu, wai mu makasa ne. Sauran ɓuya suke yi. Ni ne nake fita in ce, Baba, ka yi haƙuri, in ba shi kujera ya zauna a inuwa. Fuskata kaɗai ya sani a wurin."

"Yaya kuke rage totur?"

"Cire shi muke gaba ɗaya, mu kai kan tebur, inji ya yanke daidai ma'auni, mu goge bakin ya yi sumul. Sai mu mayar, mu ɗaura ƙugiya." Ya ɗago ya dubi Sufeto. "Yallaɓai, matata tana da tsohon ciki. Don Allah kada a ce mata kisa ake zargina da shi. Ku ce aiki ne ya riƙe ni."

Sufeto bai yi masa alkawarin komai ba, amma maganar ta tsaya masa a rai. Ya ɗauki hularsa.

Motar tana filin mai janwe, can bayan kasuwar kayan gyara. 'Yan sandan hanya ne suka sa ya ja ta jiya don ta tare titi. Gabanta ya lotse har kusa da sitiyari, bonet ya naɗe kamar takarda. A kujerar baya akwai littattafan 'yan makaranta da marigayin bai gama dubawa ba, jan biro yana maƙale a na sama. Saje ya gani, barkwancin ya ɗauke masa.

"Akwai wanda ya taɓa ta tun da ka kawo?" Sufeto ya tambayi mai janwe.

"Ko ƙuda, Yallaɓai. Ni filina akwai tsaro."

Sufeto ya tsuguna a ƙofar direba ya haska tocila. Totur ɗin a yanke yake, ba shakka. Ya shafa bakinsa da yatsa, ya ji kaushi, yankan ma a karkace. Ƙugiya kuwa babu ita, babu ramin da aka taɓa ɗaura ta.

"To ai shi ke nan," in ji Saje. "Aikin gaggawa ya yi, ya yanke da zarto don ya koma bakin aikinsa."

"Duba ƙasa."

Fasasshen gilashi ya watsu ko'ina cikin motar, a kan kujeru, a kan tabarmar roba mai kauri da ke gefen fasinja. Amma a gefen direba babu irinta, kuma wurin da ya kamata ta kasance tsaf yake, murabba'i guda babu ko ƙwayar gilashi. A tsakiyar wannan wuri mai tsabta, daidai ƙarƙashin totur, ga wani baƙin gari ya taru.

Sufeto ya dangwalo garin ya murza. "Garin roba ne, irin wanda zarto ke zubarwa. Ka ce mini motar da ta yi kwanaki tana yawo, ta kuma daki gada, garin nan zai zauna a tare kamar an auna shi?"

Saje ya ce, "Kai! Bayan hatsarin aka yanke."

"Kuma akwai tabarma lokacin da gilashi ya fashe. Wani ya ɗauke ta."

Mai janwe ya shiga kallon sama kamar mai neman hadari.  Sufeto ya zagaya gaban motar, ya sa yatsa a kwarin da ke ƙarƙashin waifa, ya zaro wasu busassun furanni rawaya da suka cushe a ciki. Garejin kamfani rufaffe ne da kwano, ya sani, babu ko ciyawa a harabarsa. Ya zuba su a ambulan ya sa aljihu.

'Yan ƙungiyar masu motar suna taruwa a rumfar wani wurin wankin mota. Da Sufeto ya isa da rana tsaka, Ciyaman ba ya nan, yana gida wajen karɓar gaisuwa, amma musu ya kaure kamar za a doku.

"Ni na kai tawa an gyara, kuma ban ji kunyar kowa ba," wata nas take faɗa, tana buga makulli a tafin hannu. "'Ya'yana nake ɗauka a ciki, ba buhunan siminti ba."

"Kin kai an goge shaida!" in ji wani mai shagon taya. "Ciwon yana cikin kwamfutar motar, ita ke ba da wuta da kanta. Ciwo yana kai, su suna yanke mata farce. Ga ta Auta nan, ba an gyara ba? Me ya hana ta kashe shi?"

"Ni tawa ba gudu take ba, birkin ne yake yin laushi idan na hau gangara," wani direban tasi ya sa baki. "Na faɗa musu, suka ce in rage lodi."

"Kai ai ko jirgin ƙasa aka ba ka sai ka yi masa lodi," in ji nas ɗin. Aka yi 'yar dariya, ta mutu nan take da aka tuna abin da ya tara su.

Sufeto ya ja mai taya gefe. "Me Ciyaman yake cewa game da gyaran?"

"Ya hana. Lauyanmu ya ce akwai masanin da zai zo ya buɗe motocin da ba a taɓa ba, ya nuna wa kotu inda ciwon yake. Idan duk aka gyara, da me za mu je? Ciyaman ya ce duk wanda ya kai tasa ya ci amanar waɗanda suka mutu."

"Shi ina tasa motar?"

Mai taya ya rage murya. "Ai tasa ita ce ta fara. 'Yarsa ya saya wa, ita kaɗai Allah ya ba shi. Likita muke ce mata, saura kaɗan ta gama karatun. Ta shige bayan tirela da gudu, nan take ta rasu. Kamfani ya ce wai totur ta taka a maimakon birki, don mace ce sabuwar direba. Tun daga ranar bai ƙara zama mutum ba. Ya rufe shagonsa, ya kafa ƙungiyar nan."

"Mutumin da ya ce kai mota gyara cin amana ne," in ji Sufeto, "shi ne ya ɗauki ta ƙaninsa ya kai?"

 Da alama mai taya bai taɓa haɗa maganganun biyu wuri ɗaya ba.

Gidan marigayin ɗan ƙarami ne a hawa na biyu. Takalmansa na zuwa aiki suna nan a bakin ƙofa, an goge su, tabarau ɗinsa na karatu yana kan talabijin. Matarsa ta zauna a ƙasa ta jingina da kujera, fuskarta ta kumbura don kuka. Sufeto ya yi mata gaisuwa, ya zauna nesa kaɗan. Wannan ne ɓangaren aikin da ya fi tsana, kuma shekaru ba su sa ya saba ba.

"Ki yi haƙuri da tambayoyina. Wa ya ce a kai motar gyara?"

"Ni ce. Na ce wa Baban yara ba zan ƙara sa 'ya'yana a ciki ba sai an gyara. Shi kuma ba ya iya musu da Yaya, Yaya ne ya rene shi tun suna marayu. Aka yi ta ja. Rannan sai ga Yaya da sassafe, ya ce tunda na nace, a ba shi makulli shi zai kai, don Baban yara yana da aji. Na yi murna har da hawaye. Da yamma ya dawo da ita ya ce an gama."

"Kun duba?"

"Mu duba maganar Yaya?" Ta kalle shi kamar ya yi saɓo.

"Akwai tabarmar roba a gefen direba?"

 Da ta buɗe baki, muryar da ƙyar take fita.

"Tun da aka yi sanarwa ya cire ta, ya jingine a bayan ƙofar nan. Da aka ce an gyara, ga ruwan sama, taɓo ko'ina, sai na ɗauko ta na wanke. Ni da hannuna na shimfiɗa masa, a kan ta kamfani. Na ce kada ya ɓata motar." Ta dubi tafukan hannunta. "Muna waya da shi lokacin. Ni na kira in ce ya biyo da maganin tarin ƙaramar. Sai na ji ya ce, Maman yara, motar nan ta ƙi tsayawa. Ina jin injin yana kuka, yana cewa ina takawa, ina takawa. Sai ya ce in riƙe yara da kyau. Daga nan ban ƙara jin muryarsa ba."

Saje ya juya ya fuskanci bango. 

"Yallaɓai, ka faɗa mini gaskiya. Tabarmar ce? Ni ce?"

"Kin shimfiɗa ta a motar da aka ce miki an gyara," in ji shi. "Laifin ba a hannunki yake ba, kuma zan nuna miki haka. A ina kuka saye ta?"

"Ba mu muka saya ba. Rana ɗaya aka ɗauko motocin, ta Baban yara da ta Likita. Yaya ya sayo musu tabarmi iri ɗaya masu kauri, ya ce na kamfani ba su da ƙarko."

Sufeto ya yi mata sallama. A kan matakala ya tsaya ya daɗe yana riƙe da ƙarfen, don ya riga ya hango inda hanyar ta nufa, kuma bai so ta ba ko kaɗan.

Da suka koma filinsa, mai janwe bai yi wuyar karyewa ba. Saje ya zaunar da shi a kan tsohuwar taya ya bayyana masa, cikin fara'a, irin shekarun da ake ba mai ɓoye shaidar kisa.

"Haba Saje, mutum ya zo yana kuka kamar ransa zai fita, ya ce ƙaninsa ne, zai kwashi kayansa. In hana shi? Na bar shi na tafi cin abinci. Da na dawo ya tafi."

"Da me ya zo?"

"Da jakar kayan aiki."

"Da me ya tafi?"

"Yaran maƙwabta sun ce sun ga ya naɗe wani baƙin abu a hammata. Ni ban gani ba, wallahi wannan karon gaskiya ce."

Washegari da hantsi suka isa gidan Ciyaman da izinin bincike a aljihu. Masu gaisuwa sun ragu, kujerun roba suna jere babu kowa a kai. A tsakar gidan akwai wata babbar bishiya, ƙasanta ya yi rawaya da furanni. Sufeto ya fito da ambulan ya zazzage a tafinsa, ya tsuguna ya ɗauki ɗaya daga ƙasa, ya haɗa. Ciyaman yana tsaye a bakin baranda yana kallonsa.

"Baba," in ji Sufeto, don ya kasa kiransa da wani suna, "motar Auta ta wuni a nan ranar da ka ce ka kai ta gyara."

"Yakan zo gidan nan kullum. Gidan yayansa ne."

"Haka ne. Amma mai janwe ya ce ka je da jakar kayan aiki. Totur ɗin da zarto aka yanke shi, a cikin motar, bayan ta yi hatsari. Garin yana nan a ofis. Ina tabarmar?"

"Ban san zancen da kake yi ba. Kamfani ya saye ku, kamar yadda ya sayi waɗanda suka binciki ta 'yata."

Sufeto bai ji haushi ba. Ya ja kujera ɗaya ya zauna, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

"Ina da izinin in birkice gidan nan, ɗaki ɗaki. Ba na so. Akwai wani mutum a bayan kanta, gobe za a kai shi kotu. Matarsa tana gab da haihuwa, har yanzu ce mata ake aiki ne ya riƙe shi. Shi ne wanda yake fito maka da kujera idan rana ta dake ka a ƙofar garejinsu. Akwai kuma matar ƙaninka, ta zauna tana kallon hannuwanta, ta ɗauka ita ta kashe mijinta. Su biyun nan, me suka yi maka?"

 Dattijon ya juya ya shiga ciki, suka bi shi. Ya zaro makulli daga wuyansa ya buɗe wani ɗaki a ƙarshen baranda.

Ɗakin Likita ne. Gadon a gyare, farar rigar asibiti tana rataye a jikin ƙofa, manyan littattafai a jere babu ƙura. Ya durƙusa da ƙyar ya jawo wani abu daga ƙarƙashin gado. Tabarmin roba ne guda biyu, baƙaƙe, masu kauri, iri ɗaya. Ɗaya ta tsufa ta yi fari-fari, ɗaya kuma har yanzu da ɓarɓashin gilashi a ramukanta. A saman gefen dama na kowacce akwai wani ɗan gurbi, inda bakin totur ya cije ta ya ƙi saki.

Saje ya ce, "Innalillahi," can ƙasa-ƙasa.

Ciyaman ya zauna a ƙasa tsakanin tabarmin, ya dafa kowacce da hannu ɗaya.

"Ban kai ta ba," in ji shi. "Na ajiye ta a ƙarƙashin bishiya daga safe har yamma, na wanke ta, na mayar. Kowa yana zamewa yana kai tasa, motocin da za mu nuna wa masanin suna ƙarewa. Na ce ta Auta ta tsaya. Na ce in masanin ya zo ya gama, sai in gaya masa, ya yi fushi ya huce, ai ɗana ne. Na san ya cire tabarmar. Ban san za a mayar ba."

"Ke nan ka san tabarmar tana kisa."

Dattijon ya ɗago kai. Hawaye yana bin furfurarsa.

"Tun ranar da aka ba ni kayan 'yata na ga gurbin nan. Na tura ta ƙarƙashin gado, na ce ƙarfe ne ya huda ta wajen hatsarin. Sufeto, kai uba ne? Idan kwamfuta ce, kamfani ya kashe ta. Idan tabarma ce, wa ya sayo mata? Ni na zaɓa, na ce a ba ni wadda ta fi kauri. Har ciniki na yi ina dariya."

Ya goge hawaye da bayan hannu, ya ci gaba. 

"Da aka kira ni aka ce Auta, na je filin janwe ina addu'a kada in ga tabarma. Na buɗe ƙofa, ga ta nan, totur ya nutse a cikinta. Sai na ji idan aka gani, an gama da ni, an gama da ƙungiya, kuma matarsa za ta san ban kai ba. Na cire, na yanke totur. Da aka tambaye ni wa ya gyara, fuskar yaron nan kaɗai ta zo mini." Ya rufe idanunsa. "Na rene shi da hannuna, Sufeto. Ni nake ɗaure masa igiyar takalmi."

Sufeto ya faɗa masa abin da ake tuhumarsa da shi: yaudarar da ta jawo asarar rai, lalata shaida, da ƙagen da ya yi wa wanda bai ji ba bai gani ba. Ya faɗa a hankali, kamar mai karanta wa mara lafiya sakamakon gwaji. Saje ya ciro ankwa, Sufeto ya girgiza masa kai. Dattijon ya miƙe da kansa, ya gyara zanen gadon inda gwiwarsa ta taɓa, ya kulle ɗakin, ya miƙa wa Sufeto makullin.

"Ka gaya wa matar Auta ba ita ba ce."

"Zan gaya mata yau."

Saje ya naɗe tabarmin biyu ya sa a hammata. Suka ratsa tsakar gida, furanni suna manne wa takalmansu.

A ofis, babban jami'i ya saurari bayanin, ya yi gyaran murya, ya ce dama shi tun farko jikinsa bai ba shi ba. Sufeto ya ce, "To, Yallaɓai," ya fita.

An fito da makaniken daga bayan kanta ana mayar masa da bel ɗinsa da wayarsa, daidai lokacin da ake shigo da Ciyaman. Hanyar ƙunci ce, dole suka tsaya fuska da fuska. Leɓen makaniken bai gama warkewa ba, kuma har yanzu takalminsa ƙafa ɗaya ne. Saje ya riga ya ba shi labarin duka, har da ɗakin da tabarmin.

 Dattijon ya jingina da kanta kamar zai faɗi.

Makaniken ya dube shi ya daɗe. Sufeto ya matso, don ya sha ganin abin da mutum kan yi a irin wannan lokaci, kuma ba zai ga laifinsa ba. Sai ya ga mutumin ya waiwaya, ya jawo kujerar da ke gefen kanta, ya ajiye ta a bayan dattijon.

"Baba, zauna," in ji shi. "Ka yi haƙuri."

Nan Ciyaman ya fashe da kuka irin na ƙaramin yaro, har ofis ɗin ya yi tsit. Aka jira ya lafa, sannan Saje ya kama hannunsa a hankali ya shige da shi ciki.

Sufeto ya koma teburinsa ya tarar da shayin ranar farko yana nan, ya yi sanyi ya kama fata. Bai taɓa shi ba. Ya sake ɗaukar hularsa, ya nufi gidan da ke hawa na biyu, inda takalman suke jira a bakin ƙofa.